Saitin Kurege

Litinin, 2 ga wata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar Mama? Ki ce mata ina gaishe ta, kuma ina cin abinci, don na san shi za ta fara tambaya. Ni lafiyata ƙalau.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa da biro. Ranar da muka shigo sansanin horo koci ya kwashe wayoyinmu ya kulle a durowa, kwamfutocin ma ya toshe komai a cikinsu ban da wasan. Direban da ke kawo mana kaya yana zuwa garinku kusan kullum, shi zai riƙa kai miki.

Da kin ga gidan nan da kin koma da baya tun daga ƙofa. Mu shida a ɗaki ɗaya, labule a sake dare da rana, gwangwanayen lemo sun cika ƙarƙashin tebur, safa ko'ina. Akwai wanda ke yanke farce a kan kibod ɗinsa ya hure. Ni da kike kira ƙazami, a nan ni ne mai tsafta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san wasanmu na harbi a kwamfuta mutum biyar ke bugawa a kowane ɓangare. To mu shida ne, kujera biyar. Sun kawo wani sabo, ana ce masa Sauro, shekararsa sha takwas. Ni da nake ashirin da biyar, a sana'ar nan tsoho ne tukuf. Ranar ashirin ga wata za a gwada ni da shi, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Shekara bakwai ina kan kujerar nan, Yaya, ban iya wani aikin ba.

Ana cikin haka kuma maus ɗin kwamfutata ya mutu ranar Asabar, murus, kamfanin ma ya daina yin irinsa. Sun ba ni sababbi har uku, duk ji nake kamar na ari hannun wani. Amma a ɗakina na nan gidanki, ƙarƙashin gado, akwai kwalin takalmi. Tsohon maus ɗina na farko yana ciki da shimfiɗarsa. Komai nawa yana cikin maus ɗin nan. Don Allah ki duba shi da kyau, ki tabbatar lafiyarsa ƙalau, ki ba direba.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 5 ga wata

Auta,

Wasiƙarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Mu ma lafiya lau. Gwiwar Mama da sauƙi, jiya har ta hau bene ba wanda ya riƙe ta. Ta ce a gaya maka ba ta yarda kana cin abinci ba.

To, na janyo kwalin. Auta, Allah wadaran naka ya lalace! Shekara goma sha ɗaya ina wanke kayan aiki a asibitin haƙori. Na ga abin da ake cirowa daga bakin mutane, na ɗauki farantin da ruɓaɓɓen haƙori ya yini a kai, ban taɓa toshe hanci ba sai a cikin gidana. Wannan abar da kake kira shimfiɗa, na ɗauka baƙa ce, ashe shuɗiya ce. Tsakiyarta ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar gindin tukunya, maiƙon hannunka na shekara da shekaru ya daskare a kai. Maus ɗin kuwa ba a magana. Duk inda yatsa ke zama dauɗa ta yi ɓawo, na sa tsinke ina kankarewa tana fitowa a nannaɗe. Akwai gashi. Akwai burbushin wani abu da nake roƙon Allah ya sa biskit ne. Da wannan hannun kake cin abinci? Da shi kake gaisawa da mutane?

Kai ka ce gidanku na can ƙazanta gare shi. Ni dai ban ga gidan ba, amma na ga kwalinka.

Ka ce in duba shi da kyau, na kuwa duba. Shimfiɗar na jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun gari, sau huɗu ina canza ruwa, na farkon ko a bahon wanka ban yarda na zubar ba, kwata na kai shi. Maus ɗin na sa safar hannu na bi shi da auduga da sifirit da tsohon buroshi. A ƙasansa akwai wani ɗan maɓalli da datti ya toshe. Na jona shi a kwamfutar maigidan don in ga ko fitilarsa na kamawa, na danna maɓallin da tsinke na riƙe ina ƙwaƙule gefensa, har fitilar ta ƙifta sau uku ta koma ja, da can kore ce. Na ce to, yanzu ya sha iska.

Ga shimfiɗar nan na ba direba, tana ƙamshi. Maus ɗin zan kai wa mai gyaran kwamfuta na bakin titinmu ya gwada tukuna, tunda ka ce in tabbatar. Ba za a ce wannan ƙazantar daga gidana ta fito ba.

Zancen gwaji kuma Allah ya ba ka sa'a. Ni har yau ban gane yadda harbin mutanen ƙarya ya zama aiki ba, amma tunda shi ke ciyar da kai, na yi shiru.

Yayarka

Asabar, 7 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa, a gai da Mama.

Me kika yi min haka? Na karanta wasiƙarki sau uku ina fatan ni ne ban fahimta ba. Cewa na yi ki duba, ki ga ko fitila na kamawa, shi ke nan! Wa ya ce ki yi masa wankan gawa?

Bari in gaya miki abin da kika danna. Maus irin namu yana riƙe saitinsa a cikinsa, wato saurin da alamar auna take gudu a allo idan na motsa hannu. Lamba ce. In ta ƙaru kaɗan harsashi ya wuce kan mutum, in ta ragu kaɗan ya riga ni. Sanda na sayi maus ɗin nan hannu na biyu ina shekara sha bakwai, zama na yi ina jan ma'aunin hagu da dama har na ji ya zauna min a hannu, na bar shi a nan. Ban duba lambar ba, ban kuma taɓa dubawa ba. Tsoro nake in na san ta in fara tunaninta a tsakiyar wasa. Da na sayi na biyun, ma'aikacin ƙungiya ne ya kwafe min daga wannan zuwa wancan, na juya baya. Wancan ya mutu da ita. Wanda ya rage a duniya shi ne na ƙarƙashin gado, wannan maɓallin kuma shi ke goge komai ya mayar da shi yadda ya fito daga kanti. Garin neman gira kin rasa min ido.

Shimfiɗar ma ta iso. Wannan sulɓin da ya tayar miki da zuciya, shi hannuna ya sani. Yanzu ta zama tawul, maus yana tafiya a kai yana cijewa. Abokan wasana sai shinshina ta suke suna dariya.

Don girman Allah kada ki bar kowa ya ƙara taɓa shi. Ki aiko min kawai.

Auta

Lahadi, 8 ga wata

Auta,

Da fatan ka tashi lafiya. Mu nan sai godiya, sai dai ƙaramar tana mura. Ban ga amsarka ba tukuna, amma ba zan jira ba, don ina da labari.

Na kai maus wajen mai gyara jiya. Yana jonawa ya dube ni ya ce, "Anti, wa ya goge saitin nan?" Na ce wane saiti, ni datti na goge. Da ya yi min bayani sai na gane ɓarnar da na yi. Wallahi ban sani ba, Auta, ka yafe min.

Amma ka ji ikon Allah. Na ce masa na ƙanina ne, kuma da shi yake neman abinci. Ya ce wa ke nan? Na ce a wajen wasansu Kurege suke ce masa. Mutumin nan, magidanci da furfura a gemu, ya miƙe tsaye har ya ture kwalbar ruwansa. Ya ce, "Kurege? Ke ce yayar Kurege?" Ya ja ni cikin shagon, inda yake da kwamfutoci takwas da matasa ke zuwa wasa, ya nuna min hotonka a bango, kana riƙe da kofi, ka washe baki. Ya ba ni tarihinka kaf kamar shi ya raine ka: gasar da ka ci kai kaɗai bayan an kashe abokanka huɗu, shekarar da kuka ɗauki babban kofi, har ranar da ka yi wasa da zazzaɓi. Ni da na wanke maka kashi ban san rabin wannan ba.

Ya ce in kwantar da hankalina, abin mai sauƙi ne. Ya buɗe shafin ƙungiyarku, ga shi nan an rubuta "Saitin Kurege", lambobi a jere. Ya ce bai ma buƙatar dubawa, ya haddace su, duk kwamfutocin shagonsa a kansu suke, don matasan ba sa yarda da wani saitin. Ya ce shi ma ya gwada, wata shida wuyan hannunsa na zugi ya haƙura, ya ce sai dai ku da Allah ya ba. Nan take ya zuba su cikin maus ɗin, fitila ta dawo kore. Ya riƙe shi da hannu biyu ya sa aka yi masa hoto.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba, kada kanka ya kumbura. Na fito shagon nan ina tafiya ina jin kaina. Ashe kai wani ne. Na gaya wa Mama, ta ce ita dama ta sani, wai mu ne ba mu da ido.

Ga maus nan, tsaf, da saitinka a ciki. Ka je ka koya wa Sauron nan hankali.

Yayarka

Laraba, 11 ga wata

Yaya,

Ina fatan murar ƙaramar ta yi sauƙi. A gai da kowa. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Ki bar abin da na rubuta a waccan, zafi ne.

Maus ya iso. Na jona, na ɗan motsa hannu, alamar ta tashi daga wannan bangon ta faɗa wancan. Na gane abin da ke ciki tun kafin in buɗe wasiƙarki.

Ban san ta inda zan fara ba. Lambobin da ke shafin nan ba nawa ba ne, Yaya. Ba na kowa ba ne. Shekara huɗu da suka wuce, bayan mun ɗauki kofin, ƙungiya ta ce kowa ya kawo saitinsa a sa a shafi, haka ake yi, masoya suna son su kwaikwaya. Ni ban san tawa lambar ba, kuma ko na sani ba zan bayar ba. Sai in sha wahala in samo abu, wani yana kwance a ɗakinsu ya kwafe? Na ɗauki biro na rubuta abin da ya zo min a kai. Na sa sauri kusan ninki uku na yadda nake ji a hannuna, wanda sai mutum ya ƙanƙame wuyan hannu yana fizga kafin ya saita komai, don duk wanda ya ɗauka ya yi ta harbin iska. Mun sha dariya ranar, ni da mutum biyu da yanzu ba sa ƙungiyar. Koci na yanzu bai sani ba. Daga baya na manta ma da zancen.

Yanzu kullum ina zaune ina jan ma'auni, ina neman inda na baro shi ina ɗan sha bakwai. Da safe in ji kamar na samu, da yamma in ji ba shi ba ne. Na gwada lambobi sun fi arba'in, hannuna ya rikice, ya daina gaya min komai. Jiya mutum yana tsaye ya ba ni baya na harba sau huɗu ban same shi ba. Koci rubutu kawai ya yi a littafinsa. Saura kwana tara.

Ina roƙonki kada ki gaya wa mai gyara, kada ki gaya wa Mama. In maganar nan ta fita kafin ashirin ga wata, ba sai an yi gwaji ba.

Ƙaninki,
Auta

Juma'a, 13 ga wata

Auta,

Muna lafiya. Mama tana gaishe ka, don ba ta san komai ba.

Laifina na ɗauka. Na taɓa abin da ban sani ba, na yi maka ɓarna a lokacin da ba ka buƙata, kuma zan daɗe ina jin ciwon haka. Wannan tsakanina da kai ne.

Amma ɗayar maganar, tir! Rowa ce ta yi maka yawa, sai ka ce ba za ka bayar ba, wa zai kama ka? A'a, sai da ka zauna ka zaɓi lambar da za ta cutar, ka miƙa wa mutanen da ke son ka, kuka yi dariya. A wane gida ka koyi wannan? An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere, kai naka har da shafi a intanet.

Ka san hanyar wajen aikina ta gaban shagon nan take. Yanzu kullum sai mai gyara ya fito ya tare ni: "Yayar Kurege, an tashi lafiya? Ya ce saitin ya yi daidai?" Jiya na leƙa ciki. Mutum takwas a jere, kowa ya sunkuya ya maƙale hannu yana fizgar maus, ɗaya ya tsaya yana yarfe yatsu yana cije leɓe, ya koma. Hotonka yana bisa kansu yana washe baki. Na ce masa ina sauri, na wuce. Ni da ban yi ƙaryar ba, ni ke sunkuyar da kai a titinmu. Kuma ni ce na je na cika wa Mama baki da kai.

Ga abin da nake so. Ka je wajen kocinka ka gaya masa, a sauke lambobin nan. Na san abin da kake tsoro, na san kujerarka ce. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Amma in ka ci gwajin nan da wannan abu a rataye, ni kada ka aiko min da hoton kofi.

Ina jiran amsarka.

Yayarka

Talata, 17 ga wata

Auta,

Lafiya kuwa? Direba ya zo sau uku hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce ya gan ka ta taga kana zaune gaban allo, ka rame.

Ban gaya wa kowa ba, in shi ne ya hana ka rubutu. Na canza hanya ma, ta bayan kasuwa nake bi yanzu, minti ashirin ƙari. Maganata tana nan yadda na faɗe ta, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ka rubuto ko layi biyu ne. Ka ci abinci.

Yayarka

Asabar, 21 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gai da Mama da maigidan da yara. Jikina lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso, na kasa amsawa ne. Ban je wajen koci ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinsa ina dawowa.

An yi gwajin jiya. Zagaye talatin, ni da Sauro, ya ci ashirin da ɗaya na ci tara. Ba abin da zan ce, ko da tsohon saitina ban tabbata zan iya da shi ba. Ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nasa ba. Koci ya kira ni ofis ya yi min godiyar shekara bakwai a cikin minti uku. Ranar Litinin zan taso.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Na dawo ina naɗe wayar maus, sai ga Sauro ya zo ya durƙusa gefen kujerata. Tun zuwansa bai taɓa yi min doguwar magana ba, na ɗauka raini ne, ashe kunya ce. Ya ce, "Babban yaya, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ban so a ce da kai aka haɗa ni ba." Na ce ba komai, wasa ne. Ya ce, "Zo in nuna maka wani abu." Ya ja ni wajen kwamfutarsa ya buɗe saitinsa.

Lambobina ne, Yaya. Na shafin. Ko ɗigo bai canza ba.

Ya ce tun yana shekara sha huɗu ya kwafe su, a makon da aka sa su. Ya ce shekarar farko ba ya samun komai, abokansa suna yi masa dariya suna cewa ya rage sauri, ya ƙi, ya ce in Kurege ya iya to ana iyawa. Awa goma kullum yana fizga har hannun ya koya. Yana faɗa yana murmushi, yana kwance bandejin da ke hannunsa na dama, wanda na ɗauka gayu ne. Wuyan hannun ya kumbura, akwai wani ƙullutu kamar ƙwan tsuntsu a kan jijiyar, yatsu biyu kuma ba sa miƙewa sosai. Ya ɗaga min shi yadda ake nuna lambar yabo.

Ya ce, "Likita ya ce in ban rage saurin ba, ba zan kai shekara ashirin da biyu ina wasa ba. Na ce masa bai san aikinsa ba, ai Kurege ya kai ashirin da biyar a kansu."

Koci yana tsaye a bayanmu, mai ɗaukar hoton ƙungiya ya saita mu da kyamara, wai tsoho yana miƙa wa sabo. Sauro ya rage murya don kada su ji, ya ce, "Babban yaya, kai ya kake yi da ciwon? Wani lokacin ko cokali ba na iya riƙewa."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Na dubi kyamarar, na dubi koci, na dubi hannun.

Na ce masa, "Ana sabawa."

Ya yi godiya, ya mayar da bandejinsa.

Auta